Maganin Ƙwaƙwalwa da Ƙibar Yara: Tarihin Illar da Aka Ɗauka Samun Sauƙi Ce

A ƙasar Hausa, idan aka je duba mai jinya aka ce masa "ai ka yi ƙiba", albishir aka yi masa. Rama ce alamar cuta a wajenmu, cikar kumatu kuwa shaidar cewa jiki ya fara karɓar magani. A arewacin Jigawa, wato ƙasar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wannan fahimta tana da tushe mai ƙarfi, domin yunwa ce ta koyar da ita. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Uwar da ta taɓa goya ɗanta zuwa layin karɓar maganin tamowa ba za ta ga ƙiba ta tsorata ba.

Sai dai akwai wani rukuni na yara da matasa da wannan albishir yake iya zame musu tarko: waɗanda likita ya ɗora a kan maganin taɓin hankali. Saurayin da ya fara jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, budurwar da lalura ke kai ta ƙololuwar zumuɗi ta dawo da ita ƙasan baƙin ciki, yaro mai galahanga da ke buga kansa da bango. Magungunan da ke kwantar musu da hankali, su ne kuma ke buɗe musu ci, su tara kitse a ciki da cikin jini, su buɗe ƙofar ciwon sukari. Kuma iyayen Maigatari ba su ne farkon waɗanda suka ga wannan ƙiba suka yi murna ba. Manyan likitocin Turai sun riga su, kuma sai da aka kwashe kusan shekara hamsin kafin fannin likitanci ya yarda cewa abin da yake kallo illa ce.

Tun a ƙarni na 19 gidajen ajiye masu taɓin hankali a Turai suke auna nauyin majinyata, kuma abin da aka ɗauka shi ne idan nauyi ya tashi to hankali na dawowa. Akwai gaskiya a ciki, don mai tsananin lalura yakan ƙi abinci ya ƙi barci. A 1933 wani likita a Biyana, Manfred Sakel, ya fito da wata hanya mai ban tsoro: a yi wa majinyaci allurar insulin mai yawa har ya suma, sannan a farfaɗo da shi da ruwan sukari, a maimaita haka kusan kullum na tsawon makonni. Majinyata sun riƙa fitowa daga wannan jinya sun yi ɓul-ɓul, ana lissafa ƙibar cikin nasarori. Sai a shekarun 1950 aka tabbatar hanyar ba ta da amfanin da ake zato, aka watsar da ita.

Abin da ya maye gurbinta ya fito ne daga Faransa. A Disambar 1950 Paul Charpentier, masanin haɗa magunguna a kamfanin Rhône-Poulenc, ya haɗa maganin da duniya ta sani da sunan Largactil. A 1952 likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada shi a asibitin Sainte-Anne da ke Faris, suka ga mutanen da aka fid da rai da su sun natsu suna magana. Ba a taɓa ganin irinsa ba. A 1958 Paul Janssen na Beljiyam ya ƙaro Haldol. Waɗannan biyun su ne har yau ginshiƙin maganin taɓin hankali a yawancin asibitocinmu na gwamnati, saboda arha.

Nijeriya ba ta makara wajen karɓarsu ba. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya dawo daga Ingila ya kama aiki a Aro da ke Abekuta, inda ya kafa tsarin da ya yi suna a duniya: majinyaci ya zauna a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, ya riƙa zuwa asibiti da rana. Arewa kuwa ta daɗe a baya. A zamanin mulkin mallaka, wanda hankalinsa ya gushe har ya gagari dangi, gidan yarin En'e ne makomarsa, ko turu a gidan mai magani. Asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Kazaure a Jigawa duk daga baya suka zo.

Tun shekarun farko an lura cewa masu shan Largactil suna ƙiba. A 1968 wani likita a Amurka, Thonnard-Neumann, ya wallafa cewa ciwon sukari ya ƙaru matuƙa a tsakanin matan da ke kwance a asibiti tun da aka fara ba su irin wannan magani. Ba wanda ya ɗaga hankali. Dalilin kuwa a fili yake: tsofaffin magungunan suna da wata illa da ta fi ɗaukar ido. Suna sandarar da jiki, su sa hannu karkarwa, wuya ya karkace, yawu ya riƙa zuba, mutum ya riƙa tafiya kamar an ɗaure shi. Duk wanda ya taɓa ganin haka ba ya mantawa. (Ƙwayar da ake haɗawa da su don sassauta wannan sandarewa, Exol, ita ce ta tsallaka daga asibiti ta zama kayan maye a hannun matasanmu, wannan wani labari ne na daban.) Idan ana fama da yaron da wuyansa ya murɗe, wa zai tsaya tambayar faɗin ƙugunsa?

Saboda haka da sababbin magunguna suka fara fitowa, murna aka yi. An sake dawo da kulozafin kasuwa a ƙarshen shekarun 1980, bayan an janye shi a 1975 sakamakon mutuwar majinyata a Finlan da ya lalata wa ƙwayoyin jini. Risferidon, mai sunan kasuwa Risperdal, ya samu izini a Amurka a 1993, olanzafin ko Zyprexa a 1996, Seroquel a 1997, Abilify a 2002. Ba sa sandarar da jiki kamar na da, don haka likitoci suka saki jiki da su, har suka fara rubuta wa yaran da a da ba za a yi gangancin ba su Haldol ba. Kamfanonin ma ba su zauna ba. A 2009 kamfanin Eli Lilly ya amince ya biya kimanin dala biliyan 1.4 kan tallata Zyprexa don lalurorin da ba a ba shi izini ba, a 2013 kuma Johnson & Johnson ya biya fiye da dala biliyan 2.2 a wata sasantawa da ta haɗa da zargin tallata Risperdal ga yara da tsofaffi.

Ashe ana maganin ƙaba kai na kumbura. A 1999 David Allison da abokan aikinsa suka tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, suka nuna cewa cikin mako goma kacal babban mutum mai shan kulozafin ko olanzafin yakan ƙara fiye da kilo 4, mai shan risferidon kimanin kilo 2, mai shan Haldol kimanin kilo 1. A 2003 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta umarci a rubuta gargaɗin ciwon sukari a takardar duk sababbin magungunan. A 2004 ƙungiyoyin likitoci huɗu, ciki har da ta masu ciwon sukari da ta likitocin ƙwaƙwalwa, suka fitar da jadawalin sa ido wanda har yau shi ne tushen sauran: a auna nauyi kafin a fara magani, a sake a mako na 4 da na 8 da na 12, sannan duk bayan wata uku, a auna hawan jini da sukari da kitsen jini a farko da kuma mako na 12, idan nauyi ya ƙaru da kashi 5 cikin 100, a yi tunanin sauya magani.

Duk wannan a kan manya aka yi shi. Da aka juyo kan yara, sai aka tarar abin ya fi muni. Gwajin da aka yi a 2002 a kan yara 101 masu galahanga ya tabbatar cewa risferidon yana rage fushi da cutar da kai sosai, amma cikin mako takwas masu shansa sun ƙara kilo 2.7, waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta kilo 0.8. A wani gwaji da aka wallafa a 2008 a kan matasa masu tsananin taɓin hankali, kwamitin da ke sa ido ya dakatar da ɗora sababbin yara a kan olanzafin tun gwajin bai ƙare ba, saboda ƙibar ta wuce misali, kuma bai fi wani tsohon magani mai arha amfani ba. Binciken da ya fi girgiza likitoci shi ne na Christoph Correll a Niyok a 2009. Ya bi diddigin yara da matasa 272 'yan shekara 4 zuwa 19 da ba su taɓa shan irin waɗannan magunguna ba. Cikin kimanin mako 11, masu olanzafin sun ƙara kilo 8.5, masu Seroquel 6.1, masu risferidon 5.3, masu Abilify 4.4. 'Yan kaɗan da suka ƙi shan maganin ba su ƙara ko rabin kilo ba. Mai karatu ya tuna cewa yaro lafiyayye kafin balaga yakan ƙara kilo biyu zuwa uku ne a shekara guda. Wato nauyin shekara uku aka ɗora wa wasu cikin ƙasa da wata uku. A 2013 wani bincike a jihar Tenesi ya nuna cewa yara da matasan da ke shan magungunan sun ninka takwarorinsu sau uku wajen kamuwa da ciwon sukari.

Yadda abin ke faruwa a jiki ba baƙo ba ne ga Bahaushe, ko da bai san sunansa ba. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke sanar da mutum cewa ya ƙoshi, kuma sinadaran histamin da serotonin na cikin masu kai wannan saƙo. Olanzafin da 'yan'uwansa suna toshe hanyar saƙon, sai yaro ya gama cin tuwo ya ji kamar bai ci ba, ya tashi tsakar dare yana laluben tukunya. Ga kuma kasala da yawan barci. To wannan toshewar ita ce ainihin aikin Periactin da sauran ƙwayoyi da ruwan buɗe ci da ake saye a kemis, irin waɗanda ake haɗawa a cikin abin da mata ke kira "sha ka fashe". Abin da wata ke kai kuɗinta ta saya don ta ciko kafin biki, shi ne ke zuwa wa yaron nan a matsayin illa, kuma shi ba na sati biyu zai sha ba, na shekaru ne. Bayan haka, wasu daga cikin magungunan suna taɓa aikin insulin kai tsaye, har a samu wanda sukarinsa ya hau alhali bai yi wata ƙibar kirki ba. Epilim, wanda ake ba masu farfaɗiya da masu lalurar zumuɗi da baƙin ciki, shi ma yana sa ƙiba, yana rikita al'adar 'yan mata, kuma yana da mummunan haɗari ga ɗan tayi. A yankin da ake aurar da yarinya da wuri, wannan ba abin da za a bari sai an tambaya ba ne.

Wani zai ce ai wannan matsalar masu ƙoshi ce, yaran Amurka ne da ke cin abincin gwangwani. A ganina akasin haka ne. A 1992 Nicholas Hales da David Barker a Ingila suka kawo hujjar cewa jikin da ya sha yunwa a ciki da yarinta yakan ginu a kan tattali, ya saba da kaɗan. Idan abinci ya yawaita masa daga baya, ya fi saurin faɗawa ciwon sukari da hawan jini. Yaron Sule Tankarkar da ya tsumbure yana ɗan shekara biyu, aka ɗora shi a kan olanzafin yana ɗan sha biyar, yana ɗauke da haɗari biyu ne. Kuma da yake daga rama ya taso, zai iya ƙara kilo goma ba wanda ya kira shi mai ƙiba. Za a ce ya murmure.

Ga kuma yadda magani ke isa hannunsa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya gaba ɗaya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma masu ƙwarewa a kan yara 'yan ƙalilan ne a cikinsu. Iyali daga Maigatari sai su yi tattaki zuwa Kazaure ko Dutse ko Kano, a ga likita, a rubuta magani, yaro ya samu sauƙi. Kuɗin mota na komawa duk wata ya fi ƙarfin gida, sai a koma kai tsohon kwali kemis ranar Alhamis idan an shigo kasuwa, a ce a ba da irinsa. Haka za a yi shekara biyu ba wanda ya ɗora shi a sikeli. Alamomin ciwon sukari na farko kuwa, ƙishirwa da yawan fitsari da gajiya, a watan Afrilu a bakin iyakar Nijar kowa ma yana da biyu daga ciki. Sai a kashe ƙishirwar da lemon kwalba ko zoɓo mai sukari.

Kada wannan ya sa wani ya ce to a daina maganin. Mun san abin da ke jiran yaron da aka cire wa magani a ƙasar nan. A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa, wasu yara ne. A watan da ya biyo baya aka buɗe wani a Daura. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta zo ne don rufe wannan babi. Tsayar da magani farat ɗaya yakan dawo da lalurar da ƙarfi, kuma iyalin da suka ga haka sau ɗaya sukan yanke ƙauna da asibiti. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin cewa masu tsananin taɓin hankali suna mutuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, kuma yawancinsu ciwon zuciya da makamantansa ne ke kashe su. Wanda aka fara wa magani yana ɗan sha huɗu yana da doguwar hanya a gabansa.

Abin da shekara ashirin na gwaje-gwaje ya samar ba shi da yawa, amma yana aiki. Mafi ƙarfi shi ne zaɓin farko: kada olanzafin ya zama maganin da za a fara wa yaro da shi idan akwai wani, a ba da mafi ƙarancin adadin da ke aiki, kada a haɗa biyu ba dalili, kuma a riƙa tambaya lokaci-lokaci ko har yanzu ana bukatarsa, musamman ga wanda aka ba don ɗabi'a kawai. Idan ƙiba ta fara, likita na iya sauyawa a hankali zuwa wanda ya fi sauƙin illa. Sannan akwai metfomin, tsohon maganin ciwon sukari da Jean Sterne ya fara gwadawa a Faris a 1957, wanda asalinsa ke komawa ga wani tsiro na magungunan gargajiyar Turai. A gwajin da David Klein ya wallafa a 2006, matasan da aka ƙara wa metfomin nauyinsu ya tsaya cak cikin mako 16, sauran suka ƙara kimanin kilo 4. Gwajin 2016 a kan yara masu galahanga da na 2020 da Correll ya jagoranta sun ƙarfafa wannan. Ba ya narkar da ƙibar da ta riga ta taru sosai, birki yake taka mata, shi ya sa ya fi amfani da wuri. Yana da arha, ana samunsa a Gumel. Amma likita ne zai rubuta shi, yakan ɓata ciki a farko, kuma dole a dakatar da shi idan yaro na amai da gudawa, abin da ba a rasawa da damina.

Batun abinci kuwa, nasihar da ake kwafowa daga littattafan Turawa ba ta da amfani a gidan da ake ci a kwano ɗaya. Ba za a ware wa yaro nasa tuwon ba, kuma hana shi abinci alhali magani na sa shi yunwa zalunci ne. Abin da ke yiwuwa shi ne a rage sukarin da ke shiga ta sha: na shayi, na fura, na kunu, na zoɓo. A cika masa ciki da wake da kwaɗon zogale da rama kafin ya kai ga taliya. A bar shi ya je gona, ya bi dabbobi, ya buga ƙwallo, maimakon a kulle shi a ɗaki don kunyar idon mutane, wanda shi ne abin da aka fi yi.

Saura awo. Ko a Amurka, wani bincike na 2010 ya gano cewa ƙasa da ɗaya cikin uku na yaran da aka fara wa magani ne aka auna wa sukari, duk da gargaɗin hukuma. Amma arewacin Jigawa na da wani abu da yaƙi da tamowa ya bar mata. Tun bayan yunwar Nijar ta 2005, lokacin da aka yi wa dubban yara jinya da haɗin gyaɗa na Plumpy'Nut a Maraɗi, tsarin jinyar tamowa a cikin al'umma ya bazu zuwa wannan ɓangare na iyaka. Gagarawa ma tana cikin ƙananan hukumomin da aka gwada shirin ba masu ciki da masu shayarwa naira 3,500 a wata don inganta abincin yara. Sakamakon haka, ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye ya iya auna nauyi da tsayi, ya iya karanta katin girma, ya san ma'anar layin da ya kauce. Idonsa dai a kan layin da ke sauka aka horar da shi. Shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na koya wa irin waɗannan ma'aikata kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda aka ƙaddamar a 2008 kuma Nijeriya ta karɓa, shi ne ƙofar da za a shigar da wannan aiki.

Dole a haɗa nauyi da tsayi, domin yaro mai girma zai ƙara nauyi ko ba magani. Abin dubawa shi ne ko nauyin ya tsere wa tsayin. Tef ɗin tela ya isa a auna ƙugu. Sukari kuwa, gara a auna shi da safe kafin karin kumallo da 'yar na'urar tsira yatsa, domin gwajin nan na asibiti mai nuna matsakaicin sukarin wata uku yakan ba da amsar ƙarya ga mai sikila ko mai ƙarancin jini, kuma duka biyun ba baƙi ba ne a nan. Yaron da aka rubuta wa magani a Kazaure ba ya bukatar komawa Kazaure don awon mako na 4 da na 8 da na 12. Ana iya yi masa a asibitin garinsu, a rubuta a bayan katinsa, muddin wanda ya rubuta maganin ya rubuta nauyinsa na ranar farko a kan katin.